Harbin kibiya da jifan gatari da wuƙa ga mai zuwa yawon buɗe ido a Saudiyya

Duk wanda ya je ziyara Uhudu ya ga ɗan tsaunin nan, Jabalur Rumat, inda Annabi (SAW) ya tsayar da maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair a shekara ta 3 bayan Hijira. Yau kwari da baka sun koma filin wasa. A Riyad da Jidda akwai wuraren da ake biyan kuɗi a koyi rimaya, kamar yadda Larabawa ke ce mata, wasu ma har da jifan gatari da wuƙa. A fili, lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zafi kuwa ka nemi zaure mai na'urar sanyi, don tafin hannu mai gumi ba ya riƙe ƙota.

Fara da sutura. Takalmi rufaffe dole ne, silifas ba ta tare gatari. Jallabiya ko abaya mai faɗin hannu a naɗe ta a ɗaure, shimag, wato gyalen kai na mazan Larabawa, a ajiye shi gefe. Hajiya ta tura bakin hijabinta cikin riga, ta cire fil ɗin da ke ƙarƙashin haɓa, domin ta nan tsarkiya ke wucewa.

Sabon shiga ya nemi baka mai nauyin ja na fam 18 zuwa 22, wato kilo 8 zuwa 10. Ana rubuta adadin a jikin reshen bakan na ƙasa. Samari sukan raina wannan su ɗauki na fam 35 don a ce da su maza ne, kafin kibiya ta goma kafaɗa ta soma rawa. Ka gane idon da ke jagora tukuna: miƙa hannuwa, ka yi ɗan rami da tafuka, ka leƙa wani abu daga nesa, sannan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai kauce masa ba shi ne mai jagora. In na dama ne, riƙe baka da hagu, ja da dama.

Tsaya a karkace, kafaɗarka na kallon allo, daga mita 5 zuwa 10. Gasar cikin zaure mita 18 ce, ta Olamfik mita 70, amma wannan ba ta yau ba ce. Ɗana kibiya har ka ji ta ce ƙas a tsarkiya, gashin da launinsa ya bambanta yana fuskantar waje. Yatsa ɗaya sama da gindin kibiya, biyu ƙasa, tsarkiya a gaɓar farko. Ja da tsokar baya, gwiwar hannu a sama, har manuniyarka ta taɓa gefen baki. Wannan wurin shi ne sirrin harbin gaba ɗaya: in yanzu ka tsaya a baki, anjima a kunci, kibiyoyinka za su watse kamar an watsa wa kaji tsaba. Wajen saki kada ka fizga. Sassauta yatsu kawai, ka bar hannun baka a miƙe sai ka ji kibiya ta sauka.

Abin da ya fi kama sababbi shi ne marin tsarkiya a dantse, har wurin ya yi baƙi. Dalili, gwiwar hannun da ke riƙe da baka ta juyo ciki. Juya ta waje, ka sa fatar kariya. Kibiya mai faɗowa daga mazauninta kuwa, yatsunka ne ke matse ta. Kada ka kuskura ka ja baka ka saki babu kibiya: ƙarfin da ya kamata ya tafi da ita zai koma cikin bakan, ya iya tsaga shi a hannunka. Kibiyar kabon, wato wadda aka yi da zaren carbon, a ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne kafin harbi, in ta yi ƙara ta tsage, a mayar. Gajeriyar kibiya ma haɗari ce, ya kamata tsininta ya zarce baka da kamar santimita 3 zuwa 5 idan ka ja har ƙarshe. Wanda ya sayi nasa bakan kada ya bar shi a mota a ranar Makka, zafi na narka gam ɗin da ya haɗa rassan.

Gatari ba ya son ƙarfi, tazara yake so. Layin jifa kusan mita 3 da rabi yake daga allo, daidai juyi ɗaya. Riƙe ƙarshen ƙota da hannu biyu, ɗaga ta bayan kai, kawo gaba ka saki daidai saitin ido, wuyan hannu a sandare. Sai ka karanta yadda ya sauka. In ƙota ce ta fara bugun allo, juyin bai cika ba, ja baya rabin taki. In saman kan gatarin ne ya daki katako, juyin ya zarce, matso gaba. Idan tazara ta yi daidai amma har yanzu yana dawowa, duba allon. Iskar Najdu, yankin da Riyad take, busasshiya ce, katako kan ƙeƙashe, sai an fesa masa ruwa yake kamawa. Ka roƙi mai wurin ya fesa.

Wuƙa ta fi su wuyar sha'ani, kuma ta fi saurin dawowa kan mai ita. Ta jifa tsini gare ta, ba kaifi; mai tsawon kusan santimita 30 da nauyin giram 200 zuwa 300 ta fi ƙarama natsuwa a iska. Daga kamar mita 2 riƙe ta ta wajen ruwanta, wato ƙarfen, rabin juyi ke nan. Daga mita 3 riƙe ta ta ƙota, juyi ɗaya. Bar ta ta zame daga hannu, kada ka murza. Yankakken gungumen dabino na kama ta da kyau. Wuƙar girki ko janbiya, lanƙwasasshiyar wuƙar ado ta Larabawa, ba a jifa da su, karyewa suke yi.

Ba mai tsallake layi sai an ba da izini kowa ya ajiye na hannunsa. Wajen zare kibiya, dafa allo da hannu ɗaya, ka waiga ka tabbata ba kowa a bayanka, don gindinta daidai idon yaro yake fitowa. Hadisi ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, ya kuma hana mayar da mai rai abin gwajin harbi. Farauta a ƙasar sai da lasisi, a cikin iyakar Haramin Makka kuma ba a taɓa ko tantabara. In ka sayi wuƙa ko gatari don tsaraba, tambayi kamfanin jirginka kafin ranar tafiya. A jakar hannu dai ba za su wuce ba.