Saita waya don rubuta Hausa a Google Docs

Tambayar yadda ake saita waya don rubuta Hausa a Google Docs ta yi yawa, har a bakin babbar kasuwar Maradi an tare ni da ita. Ga matakan, ga masu Android da allon rubutu na Gboard:

1. Buɗe Google Docs, ka fara sabuwar takarda.
2. Taɓa farar shimfiɗar, allon haruffa ya fito.
3. Danna alamar saiti da ke saman allon.
4. Shiga wajen harsuna. Wayoyinmu na nan yawanci da Faransanci suke, za ka ga "Langues".
5. Ƙara Hausa.
6. Koma baya, ka shiga wajen gyaran rubutu, ka kashe "Correction automatique", wato gyaran kalmomi da waya ke yi da kanta.

Hattara, nan ake faɗuwa! In ka bar shi kunne, ka rubuta "gobe", waya ta mayar maka da wata kalmar Faransanci, kai kuma ka tura ba ka duba ba. Ni kaina na sha kunya da wannan.

7. Don samun ƙ, ɗ ko ɓ, juya allon zuwa Hausa, sannan ka danna k, d ko b ka riƙe yatsa kaɗan.
8. A cikin Google Docs, danna ɗigo uku na sama, ka kunna aiki ba tare da intanet ba, saboda ranar da rezo ya ɗauke.