Yadda ake tayin gida har a sallama

Da farko kar ka soma maganar kudi sai ka ga takarda, in C of O ce, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, a duba ta a hukumar bayanan filaye, KANGIS in a Kano ne, Kaduna kuma KADGIS. In gidan gado ne to tambayi ko duk magada sun yarda, dan wallahi mutum daya ya isa ya rusa cinikin bayan ka biya.

Sai ka zaga unguwar ka ji nawa aka saida na kusa, ka leka gidan da damina in da hali kaga inda ruwa ke kwanciya.

Sannan kayi tayi kasa da abinda ke aljihunka. Mai saidawa zai ce albarka, kar kaji haushi, kara kadan kadan kana nuna masa silin da ya jike da katangar da ta tsage. Kuma ka dage a hada ku ido da ido da mai gidan, wasu dillalan suna dora nasu a sama.

Ya sallama? A yanke la'ada da wanda zai biya ta tun a nan, ka bada kafin alkalami ta banki, a rubuta ranar cikon kudi gaban lauya da mai unguwa da shaidu.