Yadda ake shimfiɗa tagwayen layukan sigina masu giraun a gefe a kan allon PCB

Tsarin nan abu huɗu ne a fuska ɗaya ta allon PCB, wato allon da ake jera kayan lantarki a kai da layukan jan ƙarfe masu haɗa su: layukan jan ƙarfe biyu masu ɗauke da sigina kishiyar juna, sai faffaɗan giraun, wato shimfiɗar jan ƙarfen da lantarki ke bi ya koma, a dama da hagu. Galibi akwai wani giraun ɗin a ƙarƙashi. Cheng P. Wen ne ya fito da asalinsa mai layi ɗaya a 1969, a ɗakin binciken RCA da ke Amurka.

Da farko ka san impidans ɗin da ake nema, wato turjiyar da sigina ke gamuwa da ita a layi, wadda ake aunawa da ohm. USB 2.0 ohm 90 yake so, HDMI da Ethernet ohm 100.

Kafin ka ja layi ko ɗaya, nemi bayanin jerin sassan allon daga masana'antar da za ta buga shi: kaurin abin da ke tsakanin layi da giraun na ƙasa, da kaurin jan ƙarfen, wanda sau da yawa maikuron 35 ne. Lambar dayilektrik (ma'aunin yadda kayan allo ke rage saurin sigina) ta FR-4, kayan da aka fi yin allo da shi, kuwa tana wajen 4.2 zuwa 4.5, don haka kada ka yi ƙiyasi, tasu za ka karɓa.

Sai lissafi. Abu uku ne a hannunka: faɗin layi, tazarar tagwayen, da tazarar kowanne da giraun na gefe. Da zarar ka faɗaɗa layi ko ka matse tazara, impidans zai sauka. Sa lambobin a manhaja irin Polar Si9000, ka kuma sa koren fentin da ke rufe allo a lissafin, domin shi ma yana rage ohm kaɗan. A nan ake yawan tafka kuskure: mutum ya yi lissafi ba giraun a gefe, ya gama shimfiɗa, sannan ya kwarara giraun daf da layukan. Lissafin ya tashi a banza. Tazarar gefen nan ta zama daidai hagu da dama, tun daga tushe har ƙarshe.

Matakin da na fi damuwa da shi shi ne ɗinki. Giraun na gefe da ba a haɗa shi da na ƙasa ba yakan koma tamkar eriya, ya riƙa watsa hayaniya. Jera ramukan haɗi, waɗanda ake kira via, a gefe biyu, tazararsu kada ta wuce kashi ɗaya cikin ashirin na tsawon zango, wato nisan da sigina ke ci a bugawa ɗaya. A gigahaz 5 cikin FR-4 zangon kusan milimita 29 ne, ke nan rami duk ƙasa kaɗan da milimita ɗaya da rabi.

Tagwayen su zama tsawo ɗaya, saboda bambancin milimita ɗaya yana jawo jinkirin pikosakan 6 zuwa 7. In kwana ta gajarta ɗaya, ka cike giɓin nan kusa da kwanar. Kada su tsallake wurin da giraun na ƙasa ya tsage.

Wajen ba da aiki, rubuta wa masana'anta impidans ɗin da sassaucin kashi 10 cikin ɗari, ka nemi sakamakon gwajin TDR, wanda ke auna impidans ɗin layi, tare da allunan.