Yadda na gyara jeren kaya da ya ƙi bin zane

Kwana biyu ina fama da zanen jera kaya na wani sashe a shagon da nake aiki, wato zanen da ke nuna inda kowane kaya zai zauna a kan kantoci. Duk yadda na yi, dogayen kwalaben man wanke gashi sai su ƙi shiga, murfinsu na tokare da kantar sama. Na zaci an turo kaya ba daidai ba, na bi lambobin bakod, wato lambobin shaida da ke jikin kaya, ɗaya bayan ɗaya, duk sun dace.

Ashe daga sama nake ƙirga kantoci, alhali a wannan zanen ta 1 ita ce ta ƙasa. Ƙaramar lambar da ke gefen kowace kanta a zanen kuwa ba yawan kaya ba ce, lambar ramin da za a saƙala kantar a jikin abin da ke riƙe kantocin ce.

Na kwashe komai. Na ƙirgo ramuka daga ƙasa, na saƙala ta 2 a rami na 14, ta 3 a na 26. Na fara manna takardun farashi daga hagu zuwa dama, sannan kaya. Inda aka rubuta fuska 3, kwalba uku na jera a gaba, tambarinsu na kallon mai saye, sauran a baya.

Komai ya zauna daram. Na gode wa abokiyar aikina da ta nuna mini ramukan.