Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Fitar da Mai Daga Leda da Farar Ƙasa

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, maganar dafa leda a fitar da mai ta shiga bakin matasa. Kafin ka kai ganga Panteka a yi maka waldar tukunyar dafa ledar, ka san cewa yawancin ɓarnar tana faruwa tun ba a hura wuta ba.

Babbar matsala ita ce zuba duk abin da 'yan jari bola suka kawo. Ka juya robar ka duba lambar da ke gindinta. Mai lamba 2, 4 da 5, irin su jarka, ledar fiya wata da kujerar roba, su ke ba da mai. Gorar ruwa mai lamba 1 ba ta da wani man kirki, sai wani farin gari da ke daskarewa ya toshe bututun da mai ke bi. Lamba 3 kuwa, wato PVC na famfo da bawon waya, hayaƙin asid take fitarwa, ya ci ƙarfe ya ci huhu. Ko guntu kada ya shiga. Ledar kuma a wanke, a shanya ta bushe ƙarau, in ba haka ba ruwa ne zai cika maka jarka.

Sai batun ƙasa. Wasu na ɗebo farar ƙasa (kaolin) irin ta Ƙanƙara a Jihar Katsina su barbaɗa ta ɗanya a kan ledar, daga baya su ce maganar tana gyara mai ƙarya ce. Aikinta shi ne taimaka wa zafi ya yayyanka dogayen ƙwayoyin roba, mai ya fito tsararo maimakon kaki, amma ɗanya ƙarfinta kaɗan ne. A jiƙa ta a tace yashi, a busar, a gasa tsakanin digiri 600 da 800 a ma'aunin Celsius. Kada a zaƙe: in zafi ya doshi 1000 ta mutu, ta tashi daga aiki. Jiƙa ta da asid bayan gashi yana buɗe ƙananan ramukanta, sai dai dole a ɗauraye har asid ya fita. A ganina wannan mataki ba na tsakar gida ba ne, gara a nemi masu ilimin sinadarai a ABU ko cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Zariya. Yawa ma ba alheri ba ne, domin ƙasa in ta yi yawa sai gas ya ƙaru, mai ya ragu. In ta yi baƙi kada a zubar, gawayi ne ya rufe ta. A sake gasa ta a iska za ta farfaɗo.

Dafa leda ba ƙona ta ba ne. Iska ba ta shiga tukunya, kuma zafin da ake nema digiri 400 zuwa 500 ne, don haka ma'aunin zafi ya zama dole. Kowane gurbin walda a gwada shi da ruwan sabulu. Gas ɗin da bai zama mai ba, a bi da shi ta cikin ruwa kafin ya kai murhu, saboda kada wuta ta koma ciki. Ba a buɗe murfi sai tukunya ta huce.

Abin da ya ɗigo daga bututun kuma ɗanyen mai ne, gaurayen mai kama da fetur, kananzir da dizal. Zuba shi kai tsaye a janareto ko Keke Napep hanyar gareji ce, da hunturu ma yana iya yin kauri ya toshe filta. Sai an sake dafa shi an raba, an kai gwaji. Mai niyyar sayarwa ya fara tuntuɓar NMDPRA, hukumar da ke kula da tacewa da sayar da mai, batun hayaƙi da wurin aiki kuma KEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna.