Masu yawan faɗuwa a tseren keke, ba duka ne rashin sa'a ba

Duk sanda Primoz Roglic, shahararren ɗan tseren keke na ƙasar Slovenia, ya sha ƙasa sai ka ji ana cewa bawan Allahn nan ba shi da sa'a. To mu lissafa mana. Tour de France, babban tseren keke na Faransa, na 2021 ya faɗi a zango na uku, daga baya ya janye. Na 2022 ya yi karo da damin ciyawa a zango na biyar, kafaɗarsa ta goce, shi da kansa ya mayar da ita. Shekarar dai a Vuelta, babban tseren ƙasar Spain, ya kife dab da layin ƙarshe a zango na 16, 2024 kuma Tour ya sake ƙare masa a zango na 12. Mutumin da ya ci Vuelta sau huɗu ya ci Giro, babban tseren Italiya, ba za a ce ba shi da ƙarfi ba, amma sai da ya haura shekara 20 ya shigo harkar keke, kafin nan ɗan wasan tsalle ne a kan dusar ƙanƙara. Su Van der Poel da Tom Pidcock kuwa tun suna yara suke tsere cikin taɓo, su ma suna faɗuwa amma hannunsu ya san keke. Ra'ayina ke nan, wanda bai yarda ba shi ya sani. Abin da ya dame ni shi ne sababbin da ke shigowa ayarinmu na safiyar Asabar suna maimaita abubuwan da ke kayar da manyan, kuma na gaji da faɗa da baki.

Babban laifi shi ne cusa tayarka ta gaba a gefen tayar bayan wanda ke gabanka. Kowa na son laɓewa a bayan wani don iska ta rage dukansa, wannan daidai ne, a Tour ma haka mutum sama da 170 suke tafiya a cure. Amma bayansa aka ce, ba gefensa ba. Idan tayarka ta shiga gefen tasa ya ɗan kauce wa rami, kai za ka faɗi, shi ko a jikinsa, kuma duk na bayanka a kanka za su zube. Haka wani yaro ya yi mana, sabon keke, sabuwar riga, ya kutsa tsakiya yana ta surutu, tayarsa ta goga ta wani, ya zube a gabana ba ni da inda zan bi. Ƙashin kafaɗata ya karye, tayar gaba ta lanƙwashe kamar faifai, na yi jinya har kwanciya ta ishe ni, hannun riga ma sai an saka min. Da ya zo dubiya wai sai cewa ya yi ƙaddara ce. Eh ƙaddara ce, amma wallahi da ya bar tazarar taku ɗaya da ba mu kai nan ba. Ni yanzu idan ban san tuƙin mutum ba ba na bin bayansa, ko in wuce gaba ko in ja baya in bar shi da halinsa. Shi ya sa manyan ƙungiyoyi ke kashe ƙarfin mutum uku huɗu don kawai su riƙe jagoransu a sahun gaba, don duk abin da ya faru a tsakiya ba ka da zaɓi.

Sai ido da hannu, nan kam raina yake ɓaci. Chris Froome ya ci Tour sau huɗu, a watan Yunin 2019 yana duba hanya a gasar Dauphine ya ɗauke hannu ɗaya don ya fyace hanci, iska ta kwashe shi ta maka da bango yana gudun sama da kilomita 50 a awa, ƙashin cinya ya karye, bai sake dawowa yadda yake ba. Egan Bernal a Janairun 2022 a ƙasarsu Kolombiya, kai a sunkuye yana atisaye, ya daki bayan bas da ta tsaya a bakin hanya. Wouter Weylandt a Giro na 2011 waiwaye ya yi a kan gangara, fedarsa ta taɓa katanga, nan ya rasu. Waɗannan fa sana'arsu ke nan. Kai da ka fara bara kana zaro waya kana ɗaukar bidiyo a tsakiyar mutane don ka saka a TikTok, haba malam, idan kana son hoto ka tsaya a gefen titi, babu wanda zai hana ka. Kuma daina kallon tayar da ke gabanka, kalli kafaɗar mutumin da abin da ke can gabansa.

Burki a cikin kwana. Ana rage gudu ne kafin a shiga, keke na miƙe, ba bayan ka riga ka kwanta ba. Ku nemi bidiyon Joseba Beloki na Tour 2003 a gangaren garin Gap, rana ta narkar da kwalta, ya danne burki tayar baya ta kulle, sai ga shi a ƙasa. Mu da muke da zafin watan Afrilu ga yashi a kowace kwana ai mun fi su buƙatar jin wannan. Fedar da ke ta wajen kwanar a ƙasa, nauyinka a kanta, ido a inda za ka fita. Wasu za su ce maka ka guji burkin gaba, ni ban yarda ba, shi ne mai tsayar da keke, koyon matsa shi a hankali za ka yi a fili inda babu mota.

Sauran ƙanana ne amma suna kayarwa. Gorar ruwa ta zauna daram a mazauninta, gora ce ta gangaro ƙarƙashin tayar Geraint Thomas a Giro na 2020 ta karya masa ƙashin ƙugu tun ba a fara tseren ranar sosai ba. Kar ka cika taya da iska har ta zama dutse, ba ta kama titi. Ci wani abu kafin yunwa ta kama ka, ni dabino nake zubawa a aljihun baya, mai jin yunwa hankalinsa ba ya kan hanya. Abin sauraron waƙa a kunne, a'a. Hular kwano kuma ƙwararru ma sai 2003 aka tilasta musu bayan rasuwar Andrei Kivilev a gasar Paris-Nice, mu a wajenmu idan ka zo babu ita, ko ka ɗora ta ba ka ɗaure igiyar ba, gida za ka koma.