Yadda Ake Zaɓen Zoben Baiko da Zoben Aure Masu Salon Ayilan Domin Auren Katolika

Duk wanda yake shirin aure a Cocin Katolika, kuma yake so zoben da zai saka ya kasance mai salon gargajiyar ƙasar Ayilan, ya kamata ya fara zuwa wurin fada, wato firist, kafin ya je wurin maƙerin zinariya. A koyarwar Ikilisiya, yardar da ango da amarya suka furta a gaban firist da shaidu biyu ita ce take ƙulla aure. Bayan an yi wannan alkawari ne ake sa wa zobba albarka, sannan kowannensu ya saka wa abokin zamansa, yana roƙonsa ya karɓa a matsayin alamar ƙauna da aminci, da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Ikilisiya ba ta ƙayyade siffar zobe ko irin ƙarfensa ba, amma tun da za a yi masa addu'a a gaban bagade, ladabi ne a nuna wa fada hoton abin da aka zaɓa. Wannan salo kuwa ba baƙo ba ne ga Katolikan arewacin Najeriya, domin 'yan mishan na Ayilan sun daɗe suna aiki a yankunan Kaduna da Jos da Yola, kuma Waliyyi Patrick, majiɓincin Ayilan, shi ne majiɓincin Najeriya. Idan a Ayilan ɗin za a ɗaura auren, a sani cewa coci da ofishin rajistar gwamnati kowannensu yana buƙatar sanarwar aƙalla wata 3, kuma tun daga lokacin ya dace a ba da aikin zobe.

Mataki na biyu shi ne zaɓen zane, kuma a nan ne ya kamata a zauna a yi nazari. Zoben da ya fi shahara shi ne Claddagh, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauyen masunta a bakin kogin Corrib, wanda yanzu birnin Galway ya haɗiye. Siffarsa hannaye biyu ne riƙe da zuciya, da kambin sarauta a samanta: hannayen suna nufin abota, zuciyar tana nufin ƙauna, kambin kuma riƙon amana. Labarin da aka gada ya ce wani mutumin Galway mai suna Richard Joyce ne ya fara ƙera shi, bayan 'yan fashin teku sun kama shi sun sayar wa wani maƙerin zinariya a Aljeriya, inda ya koyi sana'ar kafin a sake shi a 1689. Wannan labarin baka ne. Abin da ya tabbata shi ne zobba masu hannaye a haɗe sun daɗe a Turai tun zamanin Rumawa a matsayin alamar alkawari, kuma Claddagh reshe ne na wannan tsohuwar al'ada. A ganina babu zanen da ya kai shi dacewa da auren coci, domin abin da ke jikinsa shi ne kusan abin da ma'aurata suke furtawa da bakinsu a ranar.

Yadda ake saka shi ma yana da ma'ana. A hannun dama, idan tsinin zuciyar yana kallon waje, mai shi ba shi da kowa. Idan yana kallon jikinsa, yana da wanda yake nema. A hannun hagu, tsini a waje yana nufin an yi baiko, tsini a ciki kuma an ɗaura aure. Saboda haka zobe guda yana iya yin aiki biyu: a saka shi ranar baiko, a juya shi ranar aure. Ga waɗanda ƙarfinsu bai kai na sayen zobba biyu ba, wannan hanya ce mai mutunci, kuma haka iyalai da dama suka yi a da, har uwa ta bar wa 'yarta.

Wanda yake son abin da bai cika fitowa fili ba sai ya duba zanen saƙa, wato zare mai shiga yana fita ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa, irin wanda sufaye suka ƙawata Littafin Kells da shi wajen shekara ta 800, littafin Linjila huɗu da ke ajiye a Kwalejin Trinity ta Dublin. Akwai kuma ƙulli mai kusurwa uku da Kiristoci suke ɗauka alamar Allah Ɗaya cikin Uku. Sai dai masu shaguna sukan laƙaba wa kowane ƙulli wata ma'ana ta zamanin maguzanci domin jan kasuwa, kuma bai kamata a karɓi irin wannan bayani ido rufe ba.

Daga nan sai batun ƙarfe. Mu da muka saba da zinariya mai karat 21 ko 22 mukan raina abin da bai kai haka ba, alhali zinariya tana ƙara laushi ne gwargwadon tsarkinta, kuma 'yan yatsu da kambin Claddagh sukan shafe da wuri idan ƙarfen ya yi taushi. Karat 18 ko 14 sun fi jure wanki da aikin yau da kullum. Idan za a haɗa zobba biyu a yatsa ɗaya, su zama ƙarfe iri ɗaya da karat ɗaya, don kada mai tauri ya riƙa cin mai laushi. Game da dutse, mutane da yawa suna son kore saboda launin Ayilan, amma zumurrudu yana da saurin tsagewa, koriyar marmarar yankin Connemara na Ayilan kuma ta fi dacewa da sarƙa ko ɗan kunne. Daimon ya fi su duka juriya.

Kafin a biya kuɗi, a juya zoben a duba cikinsa. Ofishin gwajin zinariya da azurfa na Dublin, wanda aka kafa a 1637, yana buga tambari a kan kayan da ya gwada, tare da lambar da ke nuna tsarkin ƙarfe: 375 karat 9 ke nan, 585 karat 14, 750 karat 18, 925 kuma azurfa. A gefensu akwai alamar maƙeri ko kamfanin da ya kai kayan. Tambarin shaida ce ta ingancin ƙarfe, saboda haka wanda ya damu da a ce a Ayilan aka ƙera zoben sai ya tambayi mai sayarwa kai tsaye, musamman idan ta intanet yake saye.

Awon yatsa yana buƙatar kulawa fiye da yadda ake zato. A Ayilan da Ingila da haruffa ake auna zobe, a Amurka da lambobi, don haka a tabbatar da tsarin da shagon yake bi. Zoben da saƙa ta zagaye shi gaba ɗaya yana da wuyar ragewa ko ƙarawa ba tare da an ɓata zanen ba, shi ya sa ya fi kyau maƙeri ya auna yatsan da yamma, lokacin da hannu ya ɗan kumbura. Kambin Claddagh kuma yana turo kai, har ya hana zobe miƙaƙƙe zama daidai a kusa da shi, sai a nemi zoben aure mai ɗan lanƙwasa da aka ƙera dominsa.

Rubutun ciki shi ne na ƙarshe. Wasu suna sa ranar aure da haruffan farko na sunayensu, wasu ayar Littafi Mai Tsarki, wasu kuma kalmomin harshen Ayilan kamar "Grá go deo", wato ƙauna har abada. Duk abin da za a rubuta da wannan harshe, ko da tsohon rubutun ogham mai layi-layi, a ba wanda ya iya shi ya duba tukuna, domin 'yar alamar da ke kan wasali tana iya sauya ma'ana.

Idan ana so, ana iya roƙon fada ya yi addu'ar albarkar baiko, wadda take cikin littattafan Ikilisiya. Ranar ɗaurin aure kuwa, amarya takan mayar da zoben baiko hannun dama kafin a shiga coci, domin zoben aure ya fara shiga yatsa na huɗu na hannun hagu, daga baya ta ɗora na baiko a kansa. Zobban auren kuma a danƙa su ga babban abokin ango tun daren jajibere, bayan ango da amarya sun sake gwada su.